Warin Taba a Hannun Mai Aski

"Ka sake tsallakawa!"

Auta ce ta jefo maganar tun daga bakin ƙofar shagon aski. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, mayafinta ya zame kafaɗa ɗaya, numfashinta sama-sama, don da gudu ta sauko daga bene.

Dogo ya kashe kilifa.

Mutumin da ke kan kujera, wanda aka aske wa rabin kai aka bar rabi, ya ɗago ido ta madubi ya gyara zama, kamar wanda ya zo aski aka haɗa masa da kallo kyauta.

"Rabin raina, sannu da..."

"Riƙe abinka! Ai na ga inda kake kai ɗaya rabin!"

"Auta, akwai mutum fa."

"Ɗazu da kake gaban kantarta kana washe haƙora, babu mutane a titin? Har da dariya! Ni yaushe rabon da ka yi min irin wannan dariyar?"

"Jiya."

"Ta jiya ba ta kai wannan ba!"

Mai rabin kai ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai ba na sauri."

Babu wanda ya kula shi.

Shagon Dogo yana ƙasa. Shagon ɗinkin labulen da Auta ke aiki yana samansa, a benen farko. Tsallaken titi kuma, daidai saitin tagar da keken ɗinkinta yake, akwai kemis. Auta ta ɗinka wa rabin unguwar labule, amma tagarta ba ta da ko ƙyalle, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce haske take buƙata don zura zare.

Mai kemis ɗin mace ce, bazawara, ta girmi Auta da 'yan shekaru. Ba ta kwalliya, kuma abin da ya fi ƙona wa Auta rai ke nan, don ba ta buƙatarta.

Asalin maganar daga Baba ta taso.

Baban Auta tsohon abokin cinikin Dogo ne. Duk Asabar yana zuwa a gyara masa gemu, gemun da yake ji da shi fiye da motarsa. Ranar da Dogo ya tattaro ƙarfin hali ya faɗa masa abin da ke ransa game da Auta, reza na hannunsa, Baba na kwance a kujera da kumfa har kunne. Mu maza muna da baiwar zaɓar lokacin da bai dace ba, amma ko a cikinmu Dogo gwani ne.

Baba ya bari sai da aka goge masa fuska.

Sannan ya kama hannun Dogo na dama, ya kai yatsun hancinsa.

"Wannan hannun," in ji shi, "shekara da shekaru yana wucewa ta ƙasan hancina. Ka wanke da sabulu, ka shafa turare, ka tauna kanumfari. Duk na sani. Ba ka da wani aibu a wajena sai wannan. Amma yayana taba ce ta cinye shi, a hannuna ya yi tarinsa na ƙarshe. Ba zan ba da 'yata ta je ta yi jinyar da na yi ba."

"Zan bari, Baba."

"Kowa haka yake cewa. Ni ba bakinka zan tambaya ba. Duk Asabar hannun nan zai zo inda ya saba zuwa. Ranar da hancina ya gamsu, ka turo manyanka."

To, barin taba ba kamar sauke tawul daga wuyan mutum ba ne.

Makon farko Dogo ya zama abin tausayi. Hannunsa na rawa, ya yi wa wani malamin makaranta gyaran fuskar da sai da ya koma sa hula har cikin aji. Ya yi faɗa da mai kawo ruwa, ya yi faɗa da fanka. Ranar da ya tsallaka kemis neman maganin ciwon kai, matar ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Ba kanka ke ciwo ba. Me ka bari?"

Daga nan ta ba shi dabara. In abin ya taso masa, kar ya tsaya shi kaɗai yana kokawa da shi. Ya tsallako. Sai ta miƙo masa bandeji, ta riƙe baki ɗaya, shi ya warware har ƙarshe ya sake naɗewa, suna hirar duk abin da ya zo baki. Kafin ya gama naɗi, abin ya lafa. Ya koma aikinsa.

Dogo bai ɓoye wa Auta komai ba. Tun ranar farko ya faɗa mata, har ta ce Allah ya saka wa matar da alheri.

Amma ji daban, gani daban.

Daga tagar bene, abin da ake gani shi ne doguwar farar igiya, mace a baki ɗaya, namiji a ɗaya bakin, yana naɗowa yana matsowa.

Yana matsowa!

Ga kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta daɗe tana tanadin Auta don ɗanta mai aikin banki. Tunda maganar Dogo ta fito, Gwaggo ta tsiri ciwon gwiwar da ba ya lafawa sai a kan bencin shagon labule, duk da matakalar benen.

"Ni dai ban ce komai ba," ta kan ce, tana leƙen tagar. "Ga shi can kuma. Ikon Allah! Bandejin nan ba ya ƙarewa ne?"

"Magani ne, Gwaggo."

"Eh, magani ne mana. Ni ma marigayi mijina da irin wannan maganin ya same ni. Ke dai ki ci gaba da ɗinki, 'yar nan. Ki ɗinka mai kyau, wataƙila a ɗakinsu za a rataya."

Auta ta taka keke da ƙarfin da sai da allura ta karye.

Don haka ranar da ta sauko ta tarar da mai rabin kai, ba saukowar wasa ta yi ba.

"Ka zaɓa," ta ce, idonta ya cika da hawaye. "Ko ni ko ita."

"Subhanallahi! Auta, don wa nake wannan wahalar? Don mai kemis?"

"To me ya sa in abin ya taso ba ni kake nema ba? Ni ka zo min da riga a goge da turare, ita ka kai mata rawar hannu! Ita ta san lokacin da kake shan wuya, ni sai dai in hango ta taga kamar 'yar haya! Ni ce zan aure ka ko ita?"

Dogo ya sunkuyar da kai. A nan kam ta faɗi gaskiya.

"Daga yau ni za ka kira," ta ce. "Ina da waya, ina da baki. Bandeji ne ba ni da shi, kuma in shi ne, ina da yadi."

"Shi ke nan, abar ƙaunata. Na daina tsallakawa."

"Ka rantse."

"Na rantse."

Mai rabin kai ya ce, "Madalla. To a dawo kaina."

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Auta... abin ya taso."

Ta ajiye almakashi, zuciyarta ta yi fari. Ga shi yau ita aka nema.

"Masoyina, ka tuna da ni kawai. Ka rufe ido ka ga fuskata."

"Na rufe."

"Ya tafi?"

"...Bai tafi ba."

"Kana ganin fuskata kuma bai tafi ba?"

"Auta, ba haka abin yake ba..."

"To yaya yake? Kana nufin karan sigari ya fi ni a wajenka?"

"Wa ya ce haka?"

"Da kana sona yadda kake faɗa, ko sha'awarta ba za ka ji ba!"

Sai kuka.

Dogo ya ɓata rabin safiyarsa yana rarrashi, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ga mutane na jira a benci, ga abin da ya kira dominsa yana nan daram, ya ma samu abokin zama.

Kira na biyu haka ya ƙare. Na uku ma haka, har da ƙarin tambayar ko ita mai kemis da wace irin murya take masa magana.

Daga nan kiran ya ɗauke.

"Yau bai taso ba?" ta kan tambaya da yamma, in ya rako ta bakin titi.

"Ko kaɗan."

"Ka gani? Ba na faɗa maka ba? So ne maganin."

"Shi ne, rabin raina."

In namiji ya ce "ko kaɗan" da sauri haka, yana kallon takalminsa, a bincika. Amma Auta ba ta bincika ba, don abin da take son ji ke nan. Ta taga kuma ba ta ƙara ganin ya tsallaka ba. Ta yi ƙiba a 'yan kwanakin nan, har waƙa take yi a kan keke.

Tagar dai titi take kallo. Ba ta kallon lungun bayan shago, inda ake shanya tawul.

Gwaggo ce ta gano lungun. Ciwon gwiwarta bai hana ta zagayawa ba.

Ba ta faɗa wa Auta ba. Gida ta wuce wajen yayanta, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma gemunsa ya yi buzu-buzu, bai kamata ya jira Asabar ba.

Ranar Laraba da rana tsaka Baba ya shigo shagon aski. Dogo bai daɗe da dawowa daga lungu ba, ko sabulu bai kai ga taɓawa ba.

Baba ya zauna. Dogo ya yafa masa tawul. Baba ya kama hannun, ya kai hanci.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi.

Ya cire tawul ɗin da kansa, ya ninke shi, ya ɗora a hannun kujera, ya fita da gemunsa yadda ya shigo da shi.

Da yamma ya kira Auta falo.

"Maganar mai aski ta ƙare."

"Baba..."

"Ban hana ki aikinki ba. Amma ƙafarki kar ta ƙara taka shagonsa. Ba shan ne ya fi ɓata min rai ba. Asabar ɗin da ta wuce na tambaye shi, ya dube ni ya ce lafiya lau."

Auta ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kuma da yake kishi ba ya rasa hanyar da zai bi, kafin gari ya waye ta gama haɗa lissafinta: kewar matar nan ce ta mayar da shi. Ba rashin taba ne ya dame shi ba, an hana shi ganin bazawara, shi ne ya huce a kan sigari!

Da safe ba ta hau bene ba. Titi ta tsallaka.

Mai kemis na goge kanta. Ta ɗago ta dube ta, ba mamaki a fuskarta.

"Sannu da zuwa, Amarya. Na ɗauka tun tuni za ki zo."

"Ba amaryarki ba ce ni. Kin ji daɗi yanzu? An fasa! Sai ki je ki ɗauka!"

"In ɗauki wa? Wannan dogon?" Ta yi dariya, irin dariyar nan da Auta ta tsana tun daga nesa, wadda daga kusa ta fi ciwo. "Ƙanwata, ni na yi aure na fito da ƙyar. Mutumin da in ya fara labarin kilifarsa ta farko sai ka nemi kujera? Allah ya ba ki haƙuri da shi."

"Kar ki zage shi!"

"To, ga shi kuwa kina so. Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Riƙe min nan."

Kafin Auta ta ankara, bakin bandeji na hannunta. Ta so ta yar, amma matar ta riga ta fara warwarewa, kuma Auta ba ta iya ganin yadi yana jan ƙasa ba.

"Dubi kantar nan," in ji mai kemis. "Akwai maganin tari na ruwa?"

Auta ta duba ba da son ranta ba. "Babu."

"Ba na sayarwa. Ni na sha shi, shekaru. Shi ya raba ni da aurena, ya kusa raba ni da ɗana. Wata tsohuwar nas ce ta riƙe min bakin bandeji kamar yadda kike riƙe da shi yanzu. Ba sona take yi ba, ba ta ma cika sakar min fuska ba. Shi ya sa nake iya faɗa mata gaskiya."

"Ni ba ya iya faɗa min gaskiya ke nan?"

"Da ya kira ki ya ce abin ya taso, me kika ce masa?"

Auta ta kawar da kai, matar ta amsa da kanta.

"Kin tambaye shi ko yana sonki."

"Shi ya faɗa miki?"

"Rabona da shi tun ranar da kika sauko kika yi wa unguwa wa'azi. Ba sai an faɗa min ba, ni ma abin da mijina ya riƙa tambayata ke nan. Mutum na nutsewa a ruwa, kin tsaya a bakin gaɓa kina tambayarsa ko kin yi kyau. Dole ya ce kin yi, ya ci gaba da nutsewarsa."

Hawaye ya zubo wa Auta. Ta sa bayan hannu ta share, ba ta saki bandejin ba.

"Abin nan ba ruwansa da so," matar ta ci gaba, muryarta ta sauko. "Zuwa yake kamar ciwon mara. Ya taso, ya murɗa, ya kai ƙarshe, ya sauka. Ko an sha ko ba a sha ba zai sauka. Aikin kawai a samu abin da hannu zai yi da wanda za a yi wa surutu kafin ya wuce. In ya faɗi ya sha, ba a koma farko ba, an dai yi tuntuɓe. Amma in ya fara ɓoyewa, to nan ne aka shiga uku."

"Ni na sa shi ɓoyewa..."

"Shi ya kai hannunsa ya kunna, kar ki ɗauke masa nasa laifin. Ke dai ki ɗauki naki." Ta karɓe bandejin ta jefa a kwali. "Ke kuma me kike sha?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

"Tagar nan fa? Ina ganinki. Kafin ki zura zare kin leƙo, kin yanka yadi kin leƙo. In kin gan shi ranki ya ɓaci, in ba ki gan shi ba ki ƙara leƙowa. Kin taɓa leƙowa kin ji daɗi?"

"...A'a."

"Kin fasa?"

Auta ta ja mayafinta ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Har yanzu ba na sonki," ta ce.

"Ba sai kin so ni ba. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce maganin gwiwarta ya zo."

Ranar Auta ta ja kekenta ta juya shi ya fuskanci bango. Uwar ɗakinta ta tambayi ina maganar hasken zura zare, ta ce idonta ya ƙaru. Ba sauƙi abin ya yi ba. Wuyanta ya riƙa juyawa da kansa kamar fanka, sai ta kama gefen labule ta yi ta kalmasa har abin ya wuce. A makon nan an yi kalmasar da ba wanda ya sa a yi.

Da yamma ta kira Dogo, tunda shagon aka hana ta, ba a ambaci waya ba.

Ya ɗauka.

"Yaushe ka koma?" ta tambaya.

"Bayan kira na uku."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kukanki, Auta. Na fi iya jure rashin taba a kan kukanki. Sai na ga gara in sha kara ɗaya in ce miki lafiya lau. Ɗaya ya zama kwali." Muryarsa ta karye. "Na yi wa Baba ƙarya yana kallon idona. Mutumin da ya ba ni wuyansa ina riƙe da reza."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ai an fasa. Don wa zan bari?"

"Don ƙirjinka, sakarai! Ko an fasa ko ba a fasa ba, da shi za ka yi numfashi!" Ta haɗiye kukan da ya taho mata, da ƙyar ya wuce. "Ka sake farawa. In abin ya taso ka kira ni. Wallahi ba zan tambaye ka ko kana sona ba."

"To me za ki tambaye ni?"

"...Labarin kilifarka ta farko."

"Allah? Ai ban taɓa ba ki shi duka ba!"

"Na sani," in ji Auta, ta nemi kujera.

Haka aka shiga watanni. Ya kira, ta saurara. Ta san kilifar, ta san wanda ya sayar masa da ita, ta san ƙanin wanda ya sayar masa. Shi kuma yana magana yana kwance kilifa yana goge haƙoranta da buroshi yana mayarwa. Sau ɗaya ya sake faɗuwa, ya kira ta da kansa ya faɗa tun hayaƙin bai bar rigarsa ba. Ta cije leɓe har sai da ya fashe, ta ce, "To. Zubar da sauran, ka wanke hannu." Bayan ta kashe wayar ta yi kukanta ita kaɗai, ta huce a kan matashin kai.

Kemis kuwa bai ƙara tsallakawa ba. Ita ba ta ce ya je ba, shi bai tambaya ba.

Baba ya koma wani shagon aski a bakin kasuwa. Duk Asabar yana dawowa da gemu gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya tsaya gaban madubin falo yana juya fuska yana tsaki. Ba wanda ya isa ya ce komai.

Wata Asabar da la'asar Gwaggo ta zo da maganar ɗanta, a karo na ba adadi. Baba na kujerarsa, Auta na zuba musu shayi, Gwaggo na lissafa halayen yaron: ba ya sha, ba ya tauna, ko lemo mai gas sai an matsa masa.

Wayar Auta ta yi ƙara a kan tebur. Sunan da ta sa masa ya fito ɓaro-ɓaro, har da hoton zuciya.

Gwaggo ta kama haɓa. Baba ya dubi wayar, ya dubi 'yarsa.

"Ɗauka," ya ce. "A nan."

Ta ɗauka. Falon ya yi tsit, har ana jin muryar Dogo tana fitowa.

"Auta... wani ya manta kwalinsa a kan kujera. Cikakke. Har da ashana."

"Ina yake yanzu?"

"A hannuna."

"Ajiye shi. Ba ni labarin..."

"Ba zai yi ba yau. Na buɗe, Auta. Na ciro ɗaya. Ba kowa a shagon, ni kaɗai ne." Numfashinsa na fita da ƙarfi. "Yau ya fi ƙarfina. Ki yi haƙuri..."

Auta ta runtse ido. Tsakaninta da shi tafiya ce mai nisa, ko da an bar ta ta je. Murya ba ta ƙwace abu daga hannun mutum. Hannu ake buƙata, kuma hannun da ya fi kusa ta san na wace ce.

Kishi ya taso mata. Ta ga farin bandejin, ta ga dariyar, ta ga yana naɗowa yana matsowa.

"Masoyina," ta ce, "kemis a buɗe yake?"

"...A buɗe."

"Tsallaka."

"Auta, na rantse miki fa."

"Na yafe rantsuwar! Tashi ka tsallaka yanzu, ka miƙa mata kwalin a hannunta, ka ce ta ba ka bandeji. Kar ka kashe wayar sai na ji muryarta. Tashi mana!"

Aka ji ƙarar ƙofa, aka ji hon ɗin mota, aka ji wani direba yana zagin dogon da ba ya duba hanya.

Sannan muryar mace: "Kawo nan. Duka. Da na bayan kunnen."

Auta ta kashe wayar ta ajiye. Ta ɗauki butar shayi, ta ga ba za ta iya zubawa ba, ta mayar.

"La'ilaha illallahu!" in ji Gwaggo. "Da bakinki? Kika tura shi wajen bazawara da bakinki? Yaya, ka ji fa! Kuma ka ji da kunnenka, har yanzu sigari na hannunsa!"

"Na ji," in ji Baba. Bai ɗauke ido daga kan Auta ba. "Kullum haka yake kiranki?"

"In abin ya taso, Baba."

"Kafin ya sha?"

"Kafin. Sau ɗaya ne bayan ya sha, shi ma shi ya faɗa da kansa."

Baba ya daɗe yana shafa gefen gemun da ya fi tsawo.

"Yayana," ya ce a hankali, "bai taɓa cewa abin ya fi ƙarfinsa ba. Kullum ya bari. Ranar da muka kai shi asibiti ma ya bari, kwalin na cikin safarsa. Da sau ɗaya ya kira wani ya faɗi abin da yaron nan ya faɗa yanzu..."

Bai ƙarasa ba. Ya kurɓi shayin da ya huce.

"Ke kuma rawar me jikinki yake yi?"

"Kishi, Baba," ta ce, hawaye na zuba. "Kamar in mutu."

"Amma kika tura shi."

"Na tura shi."

"To." Ya ajiye kofin. "In ya gama naɗe-naɗensa, ki ce masa ina son ganin manyansa. Ban ce ya warke ba, kar ya ɗauka na ce. Na dai ga in ya faɗi akwai inda zai faɗa."

Gwaggo ta miƙe tsaye cak, ba ta ko dafa gwiwa ba.

"Ni dai ban ce komai ba!"

"Allah ya sa ki ɗore a haka," in ji Baba.

An ɗaura auren bayan 'yan watanni. Gwaggo ta zo, ta fi kowa cin abinci, ta shaida wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa ita ta haɗa abin tun farko.

Auta da kanta ta kai wa mai kemis katin gayyata, ta tsaya ta ga ta karɓa, ta roƙe ta don Allah kar ta ƙi zuwa. Da kanta kuma ta tsara wurin zaman baƙi.

Ango na can gaba, kusa da amaryarsa.

Mai kemis ta samu kujera mai kyau, mai laushi, kusa da fanka, a can ƙarshen zauren, bayan wani ginshiƙi mai kauri.